Lokacin Shan Iska a Ajin Malama Kan Layi

Jikoki bakwai Allah ya ba Malama Kan Layi. Shida daga cikinsu, da an yi dogon hutu sai iyayensu su kwaso su su jibge mata, su cika gida da ihu, su fasa mata kofuna, su bar mata shatin hannu a bango. Ta bakwai ce ba a taɓa bari ta kwana a gidan ba ko sau ɗaya, ita kuwa Malama wannan ɗin ce ta tsaya mata a rai. Yarinyar shekararta bakwai, ana ce mata 'Yar Baba, ita kaɗai ce wurin ɗan Malama na biyu, wanda duk unguwa ta sani da Mai Burodi. Duk Asabar da hantsi yakan zo da ita a motarsa ta rabon kaya, ya ajiye wa uwarsa burodi biyu masu zafi a kan tebur, ya gaishe ta da ladabi, ya zauna awa ɗaya cif yana satar kallon agogo. Da awar ta cika sai ya miƙe, ya kama hannun 'yarsa, su tafi. Abin da Malama take nema bai taka kara ya karya ba: a bar mata yarinyar hutu ɗaya, ko da mako biyu ne.

Ba iyayenta suka raɗa mata Kan Layi ba, yara ne, kuma sun yi adalci. Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyarwa a firamare ɗaya, a ɗaki ɗaya mai tagogi uku, kuma duk wanda ya bi ta bayan ɗakin da safe sai ya ji muryarta: "A kan layi! Harafi ba tsuntsu ba ne, ku zaunar da shi a kan layi!" A makarantar malami kan ɗauki yara tun daga aji ɗaya ya raka su har aji uku, saboda haka duk yaron da ya faɗa hannunta ya faɗa ke nan na shekara uku. Rubutunta a allo sai ka rantse inji ne ya buga. Ita ke rubuta sunaye a takardun shaidar kammala makaranta, har makarantun maƙwabta sukan aiko da nasu. Idan ta gama sai ta ɗaga takardar nesa da ido, ta karkata kai, ta ce, "Ba laifi." Wannan shi ne iyakar yabon da aka taɓa ji daga bakinta, ko ga kanta.

Abin da ta fi alfahari da shi kuwa, ba ta taɓa dukan ɗan kowa ba. A zamanin da wasu malaman ke yawo da bulala a hammata, ita jan biro kawai take riƙewa. Tana da nata tsarin. A bayan aji, jikin taga ta uku, akwai dogon benci da ta sa wa suna bencin gyara. Da an buga ƙararrawar shan iska, yara sun fara zumuɗi suna tura littattafai cikin jaka, sai ta ɗaga takarda ta kira suna huɗu ko biyar. Waɗannan su koma bencin gyara su kwafi layi ashirin, sauran su fita. Sau biyu a mako akwai darasin motsa jiki, nan ma haka, ta aika masu kyan rubutu filin wasa ta riƙe nata. Ba ta barin su su kaɗai. Takan haƙura da shayinta na ofishin malamai, ta zauna gefensu tana kama hannu tana jan harafi da su, har shayin ya huce a can. Wa zai kalli wannan ya ce zalunci ne? Iyaye har godiya suke zuwa yi mata.

Tun makon farko takan gane 'yan bencin gyara, kafin ma su rubuta komai. Su ne masu bugun ƙyaure da kafaɗa idan za su shigo. Su ne allo ke suɓuce wa, maɓallin rigarsu kullum a ramin da ba nasa ba. Idan sun zauna sai su kwanta a kan tebur kamar jiƙaƙƙen tsumma, su damƙe fensir da duka yatsu biyar, su zaro harshe, su danna har takarda ta huje. Ita a wurinta duk son jiki ne da sakaci, maganinsu kuma maimaici.

Da ɗanta na biyu ya isa shiga makaranta sai rabo ya kawo shi ajinta. Yayansa da ƙanwarsa hannunsu lafiya lau, shi kuwa sak irin waɗancan. Ba ya iya zuba ruwa a kofi bai yi ɓari ba, igiyar takalmi kuwa sai da ya kai shekara tara ana ɗaure masa. Malama ta dube shi, ta dubi sauran yaran, ta ce a ranta ba za a taɓa cewa ta yi sonkai ba. Sunansa ne na farko a takardar kullum. Wasu yaran sukan yi zango ɗaya a bencin su kuɓuta, shi kuwa shekara uku ya yi, har wurin zamansa ya yi santsi. A gida ma da yamma, yayansa na waje yana bin ƙwallo da 'yan layi, shi yana teburin cin abinci da shafi guda a gabansa. Mijinta, mai gyaran famfo ne, mutum mara yawan magana, ya taɓa tsayawa bakin ƙofa da akwatin kayan aikinsa ya ce, "Malama, ki bar yaron nan ya fita ya ga rana mana."

"Wasa ba ya cin jarrabawa," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Yaron ma bai taɓa yin musu ba. Ba ya kuka, ba ya gudu, ba ya ɓoye littafi. Rubutun dai bai gyaru ba. Da ƙyar da jiɓin goshi ya gama sakandare, ya shiga gidan burodi aiki, can ne hannunsa ya haɗu da kwaɓin fulawa, abin da ba ya neman layi. Yanzu yana da murhun kansa da ma'aikata shida, kafaɗunsa sun buɗe, ya zama ƙato. Amma idan aka miƙo masa takarda ya sa hannu, sai ka ga ya juya baya kaɗan kada a gani.

Malama ta yi ritaya tana ganin ta yi iya nata, yaron ne Allah bai ba shi hannu ba. Shi ya sa da wata Asabar ta buɗe jakar 'Yar Baba ta ga littafinta, sai tsohon ciwo ya tashi. Haruffa sun hau juna, wasu sun yi sama, wasu sun nutse, takardar ta huje wuri uku. Ta ɗaga wa uban littafin.

"Kai, wannan rubutu ne ko tafiyar tsutsa? Ka bar mini ita hutun nan. Mako shida kawai, in ban miƙar da hannun nan ba ka canza mini suna."

"Hannunta lafiyarsa ƙalau, Mama."

"Kai ma ka san ba haka ba ne."

"Na sani," ya ce. Ya karɓi littafin a hankali ya mayar cikin jaka. Ranar ko rabin awa ba su cika ba.

Ran Malama ya ɓaci ba kaɗan ba. Kamar yadda iyayen miji suka saba tun farkon duniya, sai ta ɗora laifin a kan surukarta, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ta yi kwana uku tana shirya maganganun da za ta gaya mata, ba ta gaya mata ko ɗaya ba.

Ana cikin haka sai hedimastan tsohuwar makarantarta ya aiko. Shi ma ɗalibinta ne a da, cikin masu fita shan iska, har yanzu idan ya gan ta sai ya gyara tsayuwa. Duk ƙarshen shekara makarantar na gasar kyan rubutu, kuma ita ake kira ta yi alƙalanci, don kowa ya san ba ta da sani ba ta da sabo. Ta saka tabarau a jaka da jan bironta ta tafi.

Tun daga bakin get ta ga abin da ya sa ta tsaki. A tsakiyar fili ga wani dogon saurayi da usur a wuya, babba da shi, yana tsalle da ƙafa ɗaya, yara talatin na biye da shi suna faɗuwa suna dariya. Ƙarfe takwas da rabi na safe, lokacin da ya kamata a ce kowane yaro na zaune da fensir. "Wannan kuma wane ne?" ta tambayi hedimasta.

"Sabon malamin aji biyu ne, Malama. Yara na ce masa Malam Usur."

"Ga alama kuwa," ta ce.

Aka zaunar da ita a ofis, aka kawo takardun 'yan aji biyu, azuzuwa uku a cakuɗe, kowace takarda da lamba maimakon suna. Ta yi awa biyu tana ɗagawa tana karkata kai. Ta ware goma mafi kyau. Daga nan, bisa tsohuwar al'adarta, ta ware goma mafi muni, don ta ba hedimasta ya san waɗanda za a zaunar. Da aka duba lambobin, goma na saman sun rarrabu a duk azuzuwan, ba abin mamaki. Goma na ƙasan ne suka ɗaure mata kai. Ko ɗaya babu daga ajin Malam Usur.

"An tace masa yaran ne?" ta tambaya.

"Wallahi yadda suka zo aka raba, Malama."

"Kira mini shi."

Bai shigo ofis ba, don an buga ƙararrawar shan iska yana fili, sai ita ta fita. Ya rusuna ya gaishe ta, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Kayan aikinsa duk tarkace ne: tsofaffin tayoyi huɗu, bokitai biyu, katako ɗaya a kan bulo, igiya, da ƙananan jakunkunan tsumma cike da yashi. Yawancin yara sun watse suna wasansu. Guda biyar ne kawai ke tare da shi. Malama ta dube su sau ɗaya ta gane su. Ba ta taɓa ganinsu ba, amma ta san su: ga mai karkataccen maɓalli, ga mai tafiya yana tuntuɓe da ƙafarsa, ga mai harshe a waje.

"Waɗannan su ne masu matsalar rubutu," ta ce. Ba tambaya ba ce.

"Su ne, Malama. Shi ya sa ba na bari su zauna a aji."

"Ba ka bari?"

"Ko kaɗan. Kowa na samun minti ashirin da safe, su kuma ina ƙara musu yanzu." Ya ɗauki jakar yashi ɗaya yana jujjuya ta. "Yadda aka koya mana, yatsa ba ya samun natsuwa sai kafaɗa ta yi ƙarfi, kafaɗa kuma sai baya ya iya riƙe yaro a zaune. Wanda bai iya bin ƙwallo da ido ba, bin layi na yi masa wuya. To sai mu fara daga babba mu gangaro. Su yi tafiya a kan katako, su rataya, su yi rarrafe ta cikin taya, su jefa, su cafe. Ba kowa yake yi wa magani ba, akwai wanda sai an kai shi asibiti an duba. Amma da yawansu wasa ne kawai bai ishe su ba."

Ya juya ya kira wani ɗan lukuti ya tsaya gabansa. Ya jefa masa jakar. Yaron ya runtse ido, ya kawar da kai, jakar ta bugi cikinsa ta faɗi. Malam Usur ya matso taku biyu ya sake jefawa. Ta sake faɗuwa. Ya ƙara matsowa har ya kusa taka ƙafar yaron, ya ce, "Kalli jakar, kada ka kalle ni, ni ba kyau gare ni ba." Yaron ya yi dariya, ya buɗe ido, ya cafe. Ihun da ya yi sai ka ce mota aka ba shi. Daga nan malamin ya riƙa ja da baya taku ɗaya ɗaya. Da suka gama ya aika aka ɗauko littafin yaron, ya buɗe mata shafin farkon shekara da na jiya. Na jiyan ba kyau gare shi ba, Malama ba za ta yi ƙarya ba. Amma haruffan na zaune a kan layi, takardar kuma ba ta huje ba.

Ta daɗe tana kallon shafin. Sannan ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "To da a ce an zaunar da shi ya yi ta kwafa fa? Kullum, lokacin shan iska, shekara uku?"

Malam Usur bai san da wa yake magana ba. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malama, ai an kashe maciji ne a inda ba ya nan. An hana shi abin da zai gyara hannun, an ƙara masa abin da ya gagare shi. Wa zai yi wa yaro haka?"

Hedimasta ya yi tari, ya hau duba takalminsa kamar yau ya saye shi.

Ba ta jira rabon kyaututtuka ba. Ta ce za ta leƙa tsohon ajinta, ta shiga ita kaɗai. An canza tebura, an yi sabon fenti, bencin gyara babu shi. Ta je ta tsaya inda yake a da, ta ɗan rage tsawo daidai kan yaro a zaune. Ita saboda haske ta ajiye bencin jikin wannan taga, don kada idonsu ya wahala. Ba ta taɓa duba abin da tagar ke kallo ba, domin ita kullum bayanta ke wajen. Filin wasa ne gaba ɗayansa, daga wannan raga zuwa waccan. Ta fara kiran sunayensu a ranta, huɗu ko biyar kowane zango, shekara talatin da huɗu, ta tarar ba ta manta ko ɗaya ba. Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta ji baƙin ciki, kuma babu wanda za ta ɗora wa.

Malama ba macen zama ta yi ta kuka ba ce. Kwana huɗu suka rage Asabar. Ta tsaga tsohon zanen gado ta ɗinka jakunkuna shida, ta cika su da yashin da magina suka bari a layi. Ta sayi ƙwallon roba ja da igiyar shanya sabuwa. Ta kwashe tukwanen furanninta daga tsakar gida, ta share, ta ja dogon layi da alli a kan siminti, miƙaƙƙe sak, don wannan kam ba wanda ya fi ta. Har gwadawa ta yi ta taka shi ƙafa gaban ƙafa, ta kusa kifewa, ta dafa bango tana yi wa gwiwoyinta faɗa.

Ranar Asabar Mai Burodi ya shigo da burodinsa biyu, ya tsaya turus. 'Yar Baba kuwa ba ta tsaya tambaya ba.

"Kaka, na wane ne?"

"Naki ne, 'yar nan. Zo ki taka layin nan mu gani, in kin faɗi ruwa ne, akwai kada a ciki zai cinye ki."

Ta faɗa ruwa sau bakwai, kada ya cinye ta sau bakwai, tana dariya har da riƙe ciki. Suka jefa jakunkuna a bokiti, huɗu suka tafi bayan tankin ruwa, ɗaya ta sami Malama a goshi. Uban na zaune a kujerar roba bakin ƙofa, ko sau ɗaya bai duba agogo ba. Awa ta cika ta wuce. Malama ta lura.

Sai aka zo kan ƙwallo. Malama ta matso dab da ita yadda ta ga an yi, ta jefa, ta ja baya taku ɗaya, ta sake jefawa. A karo na biyar 'Yar Baba ta cafe, ta rungume ƙwallon, ta juya da murna ta wurga wa ubanta. "Baba, kama!"

Ƙaton mutum, mai ɗaukar buhun fulawa a kafaɗa ɗaya, ya runtse ido ya kawar da kai. Hannuwansa suka haɗu bayan ƙwallon ya riga ya bugi ƙirjinsa ya gangara ƙarƙashin kujera.

"Laa, Baba bai iya ba!" yarinyar ta ce tana tafi.

"Ban iya ba, 'Yar Baba," ya ce yana murmushi. "Ina aji lokacin da aka koya."

Bai faɗa da zafi ba, bai ma kalli uwarsa ba. Malama ta sunkuya kamar tana gyara igiya, don ba ta san inda za ta sa fuskarta ba.

Yarinyar ta tsinci guntun allin da aka bari, ta durƙusa a siminti, ta ce za ta rubuta sunan wanda ya ci. Ta damƙe allin da yatsu biyar, ta zaro harshe. Harafin farko ya kwanta, na biyu ya juya baya. Malama na tsaye a kanta. Wallahi ba ta yi niyya ba. Bakinta ne ya buɗe da kansa: "A'a, ba haka ake..." Ta kama sauran, amma ya riga ya fita. 'Yar Baba ta ɗago ta dubi fuskar kakarta. Dariyar ta ɗauke. Ta goge rubutun da tafin hannu, ta gyara zama, ta ce, "Bari in sake, Kaka. Zan yi mai kyau." Ƙwallon na gefenta, ba ta ƙara kallonsa ba.

"Je ki mota ki ɗauko mini wayata," uban ya ce. Yarinyar ta tashi ta fita.

Malama ta zauna a bakin tanki. Ta gaya masa duk abin da ta gani a makaranta, da katakon, da ɗan lukutin, da tagar. Ba ta rage komai ba, ba ta kare kanta ba. Ta ce, "Na cuce ka, ɗan nan, ina ganin gata nake yi maka. Ka yafe mini."

"Na yafe tuntuni, Mama. Wallahi ba na riƙe da ke."

"To ka bar mini ita. Ka ga abin da na tanada. Ko fensir ba za ta taɓa ba a gidan nan."

Ya murza hannuwansa, waɗanda ƙunar murhu ta yi wa tabo. Sannan ya ce, "Mama, kin taɓa kulle ƙofar ajin nan?"

"Ban taɓa ba."

"Kin taɓa dukana?"

"Ka san ban taɓa ba."

"To me kike tsammani ya zaunar da ni shekara uku? Da na ga dama da na fice, sauran ma suna sulalewa idan kin juya. Ni jira nake ki ɗaga littafina ki ce ba laifi. Shi kaɗai nake jira. Ita ma ni ta ɗauko, kin gani da idonki yanzu. Yau ƙwallo ne. Ranar Laraba za ki ga littafinta a kan kujera, ba za ki ce komai ba, fuskarki ce kawai za ta canza. Ita kuma za ta ajiye ƙwallon da kanta ta je ta zauna, don tana son ki. Ba za ki ma san kin yi ba."

Malama ta buɗe baki za ta ce ba haka ba ne. Ta dubi simintin, inda ƙaramin tafin hannu ya share alli ya bar fari. Ta rufe bakin.

"Za mu riƙa zuwa," ya ce. "Duk Asabar, mu daɗe in kina so. Ki koya mata jifan nan, ni ban iya ba. Amma ina zaune."

Ta raka su bakin titi, abin da ba ta saba yi ba. Da suka shiga mota ta miƙa wa yarinyar ƙwallon ta taga. Motar na ƙamshin burodi, injin na kaɗawa. 'Yar Baba ta leƙo da kai, hancinta duk alli.

"Kaka, saura kwana tara a yi hutu. In zo in kwana? Baba, in zo?"

Hannun uban na kan sitiyari, idonsa na kan hanya, yana jira. Malama ta san idan ta ce e, yarinyar za ta yi ta roƙo har ya gaji, wataƙila ma ya ba da kai. Shekara biyu ke nan tana jiran wannan tambaya daga wannan bakin.

"Ba bana ba, 'yar nan," ta ce. "Ki zauna wurin Babanki."

Ta ja da baya daga jikin motar don su samu su wuce.